Tafiyar ƙarshe kafin jirgin shaƙatawa ya shiga gyara: a tafi ko a ɗaga?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar jiragen ruwa na yawon shaƙatawa. Mun biya kuɗin tafiya a Bahar Rum, ni da maigidana da mahaifiyata. Farashin ya yi sauƙi sosai idan aka kwatanta da tafiye-tafiyen da ke gabansa. Jiya na shiga shafin kamfanin sai na ga bayan tamu babu wata tafiya da aka sa wa jirgin har kusan mako uku, kuma ba a tashar da muka hau za a sauke mu ba. Na tambayi ejan ɗinmu, ya ce jirgin zai shiga gyara ne da zarar mun sauka, kuma wai babu abin da ya shafe mu. Hankalina bai kwanta ba. Jirgin da ake shirin kai wa gyara ba lalatacce ba ne? Mama tana da asma, ba na son in kai ta inda za ta wahala.

Auwal D.: Wa alaikumus salam Anti. Ki kwantar da hankalinki. Na taɓa yin irin wannan tafiyar, in ba don wani ma'aikacin ɗakin cin abinci ya gaya mana ba, da ba za mu san ana shirin komai ba. Sai a daren ƙarshe muka ga an zuƙe ruwan wurin ninkaya, an tara kujerun saman jirgi an ɗaure su. Shi ke nan.

Hajiya Turai: Auwal, Allah ne ya taimake ka. Ni tawa ba haka ta kasance ba. Tun a tashar da muka hau muka ga ana ɗora kwantenoni a saman jirgin, a daidai inda mutane ke zama su sha iska. Kwana biyu da tashi aka rufe wani ɓangare na benen sama da katako da leda. Da safe ƙarar injin gurzar ƙarfe ke tashe mu, da yamma warin fenti ya cika baranda, ba damar buɗe ƙofa. Ɗakin cin abinci guda cikin waɗanda na yi niyyar zuwa ba a buɗe shi ba har muka sauka. Babu wanda ya faɗa mana wannan lokacin da ake karɓar kuɗinmu. Maman Ilham, tunda akwai mai asma, ni dai ban ba ki shawarar tafiya ba. Araha ba ta ado.

Injiniya Sabo: Hajiya, sannu da haƙuri. Abin da kika faɗa gaskiya ne, abin da Auwal ya faɗa ma gaskiya ne, domin gyaran ba iri ɗaya ba ne. Amma bari in fara da tsoron da Maman Ilham ta ambata, don shi ne mafi nauyi. Na yi aiki a ɗakin injin jirgi shekaru masu yawa.

Ƙanwata, shigar jirgi ramin gyara, wato wurin da ake zuƙe ruwa don a yi aiki a ƙasan jirgi, ba alamar lalacewa ba ce. Doka ce. Yarjejeniyar kare rayuka a teku ta 1974, wato SOLAS, wadda hukumar harkokin jiragen ruwa ta duniya (IMO) mai hedikwata a Landan ke kula da ita, ta wajabta a duba ƙasan jirgin fasinja kowace shekara. A cikin kowace shekara biyar, sau biyu dole a yi wannan dubawar jirgi yana wajen ruwa, kuma tsakanin biyun kada ya wuce wata 36. Jirgin da bai kai shekara 15 ba ana iya sassauta masa ya fita sau ɗaya a shekara biyar, sauran masu nutso su duba shi yana cikin ruwa. Takardar shaidar lafiyar jirgin fasinja kuwa wata 12 kawai take aiki. Masu dubawar ba ma'aikatan kamfanin ba ne, daga hukumomi irin su Lloyd's Register, DNV, RINA ko Bureau Veritas suke zuwa. Ranar shiga ramin ana kama ta tun da shekara guda ko fiye, saboda ramukan da za su ɗauki waɗannan manyan jirage ba su da yawa a duniya. A Bahar Rum da kewayensa akwai na kamfanin Navantia a Kadis ta Sifaniya, akwai na kamfanin Fincantieri a Falermo ta Italiya, akwai rami na 10 a Marsey ta Faransa mai tsawon mita 465. Shi ya sa za a sauke ku a wata tashar daban, jirgin yana karkata ne zuwa inda aka ajiye masa gurbi.

Abin da ake yi a can: a shigar da jirgi, a rufe ƙofar ramin, a zuƙe ruwa har jirgin ya zauna a kan tubalan da aka jera masa daidai da zanen cikinsa. A kankare gansakuka da ƙananan halittun ruwa da suka manne a jikinsa, don suna rage masa gudu suna ƙara masa shan mai. A sake fenti. A duba farfela da abin da ke juya ta, a canza robobin da ke hana ruwa shiga, a duba fikafikan da ke rage tangaɗi, a zazzage sarƙar anka a auna kaurinta, a buɗe bawul-bawul na ruwan teku. Duk wannan babu wanda za a iya farawa kuna ciki. Idan aikin da aka shirya ke nan kawai, tafiyarku za ta yi kama da ta Auwal.

Maman Ilham: Na gode Yaya Injiniya, wallahi har na ji sanyi a raina. To ita Hajiya me ya sa tata ta zama haka?

Injiniya Sabo: Saboda nata jirgin gyaran fuska za a yi masa, ba na ƙasa kaɗai ba. Kamfani yana duba cewa duk ranar da jirgi ke zaune a rami, babu fasinja, babu ciniki, ga kuɗin hayar ramin. To tunda dole a tsaya, sai a cusa duk wani aikin ƙawa a cikin kwanakin: sabon kafet, sabbin ɗakuna, sabon wurin wasan yara, a rushe wannan ɗakin cin abinci a gina wani. Aikin da ya isa wata biyu a ce a gama shi cikin mako biyu ko uku. Lissafin ba ya fita sai an ciji wani abu daga tafiyar da ke gaba da wadda ke baya. Sai a hau da 'yan kwangila tun kuna ciki su fara auna wurare, su cire silin, su ja waya, su ɓamɓare daɓen saman jirgi. Wani gyaran ma ya wuce tunani. A 2018 an raba jirgin Silver Spirit gida biyu a Falermo aka saka masa ƙarin mita 15 a tsakiya. A 2019 Carnival Triumph ya shiga Kadis ya fito da sabon suna, Carnival Sunrise, bayan aikin kusan dala miliyan 200. Jirgin da ake shirya wa irin wannan, ba zai yiwu tafiyarsa ta ƙarshe ta kasance shiru ba.

Don haka tambayar da za ki yi ba "zai shiga gyara?" ba ce. Ki tambaya wane irin gyara, kuma za a fara wani abu kuna ciki ko a'a.

Jamilu: Ranka ya daɗe Injiniya, ka ba ni dama in ƙara daga ɓangarenmu. Ni gyaran ɗakunan fasinja nake yi a jirgi. Makon ƙarshe kafin rami, aikinmu ninki biyu ne. Da rana muna yi wa baƙi hidima kamar kullum, da dare muna ƙirga kaya, muna naɗe labule, muna lulluɓe kujeru da talabijin da leda, muna shimfiɗa kariya a kan kafet ɗin da ba za a canza ba. Ɗakunan da babu kowa ana fara kwashe katifunsu. Wasu ɗakunan ma da gangan ba a sayar da su, an ajiye wa 'yan kwangila. Don haka idan kika ga mai gyara miki ɗaki ya makara ko idonsa ya yi ja, ba raini ba ne, barci ne bai samu ba.

Kuma mutane suna zaton idan jirgi ya shiga rami hutu muke samu. Ba hutu. A cikin jirgin muke kwana, wani lokaci a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a taƙaita ruwa, a rufe bandakunan wani ɓangare. Ana raba mu gadin wuta, mutum ya tsaya da abin kashe gobara kusa da mai walda na awanni. Ma'aikatan waje kan haura dubu, mu ne masu ciyar da su da gyara musu wurin kwana.

Hajiya Turai: Allah sarki Jamilu. Ni ban taɓa ɗora wa ma'aikata laifi ba, yaran nan sun yi mana iya ƙoƙarinsu, har haƙuri suke ba mu kamar su suka yanke hukuncin. Fushina da waɗanda ke ofis ne, da suka san abin da za a yi suka yi shiru.

Jamilu: Haka ne Hajiya. Wani abin kuma da za a lura, Anti: ana barin kayan sito su ƙare da gangan, don ba a son shiga rami da firji cike. Abinci ba zai yanke ba, kada ki ji tsoro, amma kwana biyun ƙarshe za ki ji ana cewa wannan ya ƙare, wancan babu. Shagunan cikin jirgi sukan karya farashi sannan su rufe da wuri don su tattara kaya. Idan akwai abin da Mama ba ta iya yi sai da shi, musamman magani, ku taho da naku isasshe.

Auwal D.: Wannan na shaguna na gani. Amma fa akwai daɗinsa da ba a faɗa ba. Jirgin bai cika ba, babu layi a wurin abinci, babu turereniya wajen sauka a tasha. Kuma hanyar da aka bi ba wadda aka saba ba ce, mun tsaya a tashoshin da jirgin ba ya zuwa a sauran lokuta.

Barista Nafisa: Ina so in tsaya a kan maganar Hajiya, don nan ne ainihin rigimar take. Ba ita kaɗai abin ya taɓa samu ba. A watan Maris na 2018 jirgin Norwegian Sun ya tashi daga Mayami zuwa Los Anjalas ta mashigin Panama, tafiyar kusan mako biyu, daga nan zai wuce gyara a Biktoriya ta Kanada. Fasinjoji suka tarar ana gurzar daɓe, ga ƙura, ga warin sinadarai, an rufe wurare da dama. Hotunan suka bazu, manyan kafafen labarai suka ɗauka. Da farko rangwamen kashi 25 cikin 100 a tafiya ta gaba aka yi musu tayi, sai da surutu ya yi yawa aka mai da shi darajar kuɗin tafiyar gaba ɗaya, shi ma a matsayin tafiya ta gaba. Abin lura a nan: mutanen sun samu wani abu ne don sun haɗa kai kuma suna da hujja a hannu.

Maman Ilham, ki buɗe sharuɗɗan tikitinki ki karanta, duk da tsawonsu. Kusan kowane kamfani ya rubuta cewa yana da ikon canza hanya, ya tsallake tasha, ya rufe wani wuri don gyara, ba tare da ya biya diyya ba. Kin amince da wannan ranar da kika biya. Amma ba shi ke nan an rufe ƙofa ba. Idan an sayar miki da tafiyar a ƙarƙashin dokar Tarayyar Turai, akwai dokar tafiye-tafiyen haɗaka ta 2015 (waɗanda ake sayar da sufuri da masauki a dunƙule), mai lamba 2015/2302, wadda ta ba matafiyi haƙƙin ragin farashi idan abin da aka ba shi bai yi daidai da abin da aka sayar masa ba. Sharaɗinta shi ne ya kai ƙorafi ba da jinkiri ba. Wato tun kina cikin jirgi, ba bayan kin koma gida ba.

Malam Tanko: Barista, ni ina da ja a nan. Mutum ya ga farashi ya faɗi ƙasa warwas, ya ga hanya ta canza, ai ya kamata ya san akwai dalili. Kamfani kasuwanci yake yi. Rangwamen da aka yi tun farko shi ne diyyar. Ba a cin araha sannan a dawo ana neman ƙari.

Barista Nafisa: Baba Malam, da girmamawa, ban yarda ba. Rangwame yana zama diyya ne idan an faɗa wa mai saye abin da ake rage masa dominsa. Farashin jirgi yana sauka saboda dalilai da yawa: lokacin sanyi, hutun makaranta ya ƙare, ɗakuna sun yi kwantai. Ta yaya Maman Ilham za ta san nata ragin na ƙura ne? Ita da ta gano ma sai da ta bi jadawalin jirgin da kanta. Wanda ya san za a rufe wurin ninkaya ya kuma sa hotonsa a talla, ya ɓoye aibin kaya ne.

Malam Tanko: To amma idan suka rubuta a fili, wa zai saya? Jirgin zai tafi fanko.

Hajiya Turai: Malam, akwai masu saye. Ga Auwal nan, shi da an faɗa masa ma zai tafi. Matasa masu son araha, waɗanda da gari ya waye suna cikin gari sai dare su dawo, babu ruwansu da ƙarar gurza. Amma mai tsohuwa, mai jariri, wanda ya tara kuɗi shekara da shekaru don ya zauna a baranda ya huta, a bar shi ya zaɓa da idonsa a buɗe. Abin da muke nema ke nan, ba kyauta ba.

Malam Tanko: Wannan kam na karɓa, a faɗa wa mutum ya zaɓa. Inda ban sauka ba shi ne a ce duk wanda ya ga ɗan kwangila da tsani a lungu sai ya nemi a mayar masa da kuɗi. Jirgi kullum cikin gyara yake, ruwan gishiri ba ya barin ƙarfe ya huta. Ko a tafiyar da ba ta kusa da rami za ka ga ana fenti.

Injiniya Sabo: Nan Malam ya yi gaskiya. Fenti da kankare tsatsa aikin yau da kullum ne a kowane jirgi. Bambancin yana ga yawa da kuma wurin da aka hana fasinja.

Zainab K.: Tambaya daga gefe, don Allah. Ni ina tunanin tafiyar farko bayan an fito daga gyara. Ba ta fi ba? Komai sabo.

Injiniya Sabo: Zainab, in za a tilasta mini zaɓi tsakanin biyun, ta kafin gyara zan ɗauka. Ta kafin gyara kusan tabbas za ta tashi a ranarta. Ta bayan gyara tana rataye ne da a gama aiki a kan lokaci, kuma sai an zuƙe ruwa ake ganin ainihin abin da ke ƙasa. A buɗe wani wuri a tarar da ɓarnar da ba a zata ba, ko kayan da aka yi oda su makale a hanya, ko iska ta hana injin ɗaga kaya aiki. Haɗari ma yana faruwa: a watan Afrilun 2019 injin ɗaga kaya ya faɗo wa jirgin Oasis of the Seas yana wurin gyara a Firifot ta Bahamas, mutum takwas suka ji rauni, aka soke tafiye-tafiye uku. Ko an fito a kan lokaci, sau da yawa 'yan kwangila kan biyo jirgin su ƙarasa aiki, ga warin gam na sabon kafet, ga famfon da aka haɗa bai zauna ba, ga sababbin ma'aikata da ba su gama sanin wurin ba. Mai son ganin sabon abu ya bari a yi tafiya biyu ko uku tukuna.

Jamilu: Wallahi haka ne. Makon farko bayan rami ya fi na ƙarshe wahala a wurinmu.

Maman Ilham: Na ƙaru sosai. To yanzu a aikace me zan yi? Lokacin da za a iya sokewa ba tare da asara mai yawa ba ya kusa wucewa.

Barista Nafisa: Ki rubuta wa kamfanin imel yau, ki sa ejan a kwafi. Kada ki tsaya ga waya, maganar baki ba ta zama hujja. Ki tambaye su kai tsaye: waɗanne wurare za a rufe a lokacin tafiyarku, za a yi aikin da ke tada ƙura ko wari, kuma a wane hawa. Ki ambaci asmar Mama a ciki, don ya zama a rubuce cewa sun sani. Ki ajiye hoton shafin tallar yadda yake yanzu. Idan kun tafi kuka tarar da saɓanin abin da aka ce, ki ɗauki hoto da bidiyo, ki je teburin kula da baƙi ki sa a rubuta ƙorafin a ba ki shaida. Inshorar tafiya kuma ki duba ta da kyau, yawanci tana biyan rashin lafiya da sokewa, ba ta biyan rashin jin daɗi.

Injiniya Sabo: Ki kuma nemi sanarwar da kamfanin ya fitar game da jirgin. Idan babban gyara ne ba sa iya yin shiru, za ki ga suna tallar sababbin wuraren da za a buɗe, domin da su za su sayar da tikitin baɗi. Duk wurin da aka ce za a sabunta, ki ɗauka shi za a fara taɓawa kuna ciki. Tsawon kwanakin ma yana nuni: kusan mako biyu galibi aikin ƙasa ne da ɗan kwaskwarima, wata guda zuwa sama babban aiki ne. Naku na mako uku yana tsakiya, kuma a ciki akwai kwanakin zuwa da dawowa, shi ya sa amsarsu a rubuce take da muhimmanci.

Sai ɗaki. Kada ku karɓi wanda ke ƙarƙashin benen wurin ninkaya kai tsaye, nan ne ake gurza da jan kaya. Ku nemi hawan da sama da ƙasansa duk ɗakunan kwana ne, wajen tsakiyar jirgi.

Hajiya Turai: Ki haɗa wa Mama takunkumi mai kyau da abin shaƙarta guda biyu, ɗaya a jaka ɗaya a ɗaki, ki kuma sa likitanta ya gan ta kafin tafiya. Akwai asibiti a jirgi amma kuɗinsa daban ne, kuma ba araha. Ni har yanzu da ni ce da na ɗaga, amma idan sun ba ki amsa mai kyau a rubuce, ba zan hana ki ba.

Auwal D.: Kada a manta da jirgin sama, Anti. Tunda ba inda kuka hau za ku sauka ba, tikitin komawa daga wani gari zai kasance, ki haɗa shi cikin lissafi kafin ki ce tafiyar ta yi araha. Kuma ranar sauka da wuri ake fitar da mutane, don jirgin yana da lokacin da aka ba shi.

Maman Ilham: Na tura imel ɗin, kuma har sun amsa. Sun ce za a rufe wurin wasan ruwa na yara da wani ɗakin cin abinci guda a kwana ukun ƙarshe, za a kuma ajiye kaya a bayan benen sama. Sun ce ba a shirya gurzar daɓe ba sai bayan mun sauka. Ɗakinmu ashe yana ƙarƙashin benen saman ne, na nemi a sauko da mu hawa biyu, ejan ya ce akwai gurbi. Mun yi shawara da maigidana da Mama, za mu tafi in sha Allah. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Barista Nafisa: Amin. Ki buga amsar tasu a takarda ki tafi da ita, intanet ɗin cikin jirgi ba kullum yake buɗe imel ba. Kuma ki lura sun ce "ba a shirya ba", ba su ce "ba za a yi ba". Ki sake rubuta musu mako guda kafin tashi ki tambaya ko wani abu ya canza.

Jamilu: Ranar farko ki gaya wa mai kula da ɗakinku zancen asmar Mama, Anti. Mu muke fara sanin lungun da za a yi aiki gobe, zai iya gaya muku ta wace hanya za ku bi zuwa wurin abinci.